Yadda Ake Yi wa Kai Hisabi Domin Gano Manufar Rayuwa

Da wuya a sami Musulmin da za a tambaye shi dalilin halittarsa ya rasa amsa, domin ko yaron da bai daɗe da shiga Islamiyya ba zai iya karanto aya ta 56 ta Suratuz Zariyat, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya ce bai halicci aljannu da mutane ba sai domin su bauta masa. Duk da haka, mutane da yawa waɗanda suka haddace wannan aya tun suna ƙanana sukan kai shekara talatin ko arba'in suna jin cewa kwanakinsu zubewa kawai suke yi, a tashi, a fita nema, a dawo, a kwanta, gobe ma haka, ba tare da sun iya cewa ga inda aka dosa ba. Irin waɗannan mutane sun san amsar. Abin da ya kuɓuce musu shi ne yadda za su shigar da ita cikin yininsu, har kowannensu ya iya cewa: ni da nake zaune a wannan gari, da wannan sana'a a hannuna, da waɗannan mutane a wuyana, ga bautar da ake nema daga gare ni yau. Magabata sun bar mana hanyar yin wannan aiki, ita ce muhasaba, wato mutum ya riƙa yi wa kansa hisabi, tare da tafakkuri a kan ayoyin Allah. A ganina babu hanyar da ta fi ta sauƙi ga mai shi da marar shi, domin ba ta buƙatar tafiya ko kashe kuɗi, ɗan lokaci kawai take nema da faɗa wa kai gaskiya.

Asalin wannan aiki yana cikin Suratul Hashri, aya ta 18, inda aka umarci muminai da su ji tsoron Allah, kuma kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe. An ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan ce wa mutane su yi wa kansu hisabi tun kafin a yi musu. Daga cikin malaman da suka tsara shi daki-daki akwai Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, daidai da 1111, kuma yana da kyau a san cewa abin da ya ɗanɗana ne ya rubuta. A shekarar 1095, yana kan ganiyar shahararsa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, da ɗalibai kusan ɗari uku a gabansa, ya binciki niyyarsa ya tarar neman suna da ɗaukaka ne ke tura shi karantarwa. Abin ya dame shi har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, daga bisani ya bar kujerar ya tafi Dimashƙa da Ƙudus da Makka, ya shafe kusan shekara goma a keɓe kafin ya koma koyarwa a Naisaburi. A cikin Ihya'u Ulumiddin ya kwatanta mutum da ɗan kasuwa, ya ce farillai su ne jarinsa, nafiloli ribarsa, saɓo kuwa asararsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari da yamma ya ga yadda mai shago ke zaunar da yaronsa su ƙidaya cinikin ranar, su ware bashin da aka ci da wanda aka biya kafin a ja ƙofa, ya fahimci abin da malamin yake nufi. Ba a neman kowa ya bar aikinsa shekara goma. Abin da ake nema bai wuce kwata na awa da safe da wani kwatan da dare ba, amma a dawwama a kai, tun da Nana A'isha ta ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Kafin a fara, wajibi ne mutum ya san abin da zai auna kansa da shi. Ahalari, wanda kusan kowane ɗalibin zaure a ƙasar Hausa ya fara da shi, ya buɗe da cewa farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne gyara imaninsa, sannan sanin abin da zai gyara farillan da ke kansa, kuma ya ce bai halatta mutum ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Wanda bai san hukuncin ciniki ba zai iya kwana yana yaba kansa alhali riba ya ci da rana, wanda kuma bai san sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi ko majinyaci ba zai iya kwana yana zargin kansa a kan abin da ba laifi ba ne. Saboda haka duk wanda ya san akwai giɓi a karatunsa na tsarki, da sallah, da azumi, da hukunce-hukuncen sana'arsa, ya nemi malamin unguwarsu ya ɗauki darasi ko da sau biyu ne a mako, kuma kada girman shekaru ya hana shi.

Mataki na farko zama ne na musamman da za a yi sau ɗaya, a rana mai natsuwa, da takarda da biro. A wannan zama mutum zai rubuta haƙƙoƙin da ke kansa, kuma ina ba da shawara a rubuta su da sunayen masu su. Kada a rubuta "iyali" a wuce, a rubuta mahaifiya da abin da take buƙata a yanzu, a rubuta mata ko miji, a rubuta kowane ɗa da sunansa, a rubuta ƙanen da ya bar makaranta, da 'yar'uwar da mijinta ya rasu, da maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba su, da yaron shago, da mai aikin gida, da duk wanda yake bin mutum bashi. Dalilin wannan tsari yana cikin labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i da Buhari ya ruwaito. Salmanu ya ziyarci Abud Darda'i ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina ado, sai ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, don haka ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma da maganar ta je wa Manzon Allah sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. A ƙarƙashin sunayen sai a rubuta abubuwa huɗun da Tirmizi ya ruwaito cewa ƙafafun bawa ba za su gusa ba ranar Alƙiyama sai an tambaye shi a kansu: rayuwarsa a me ya ƙarar da ita, iliminsa me ya aikata da shi, dukiyarsa ina ya samo ta kuma ina ya kashe ta, jikinsa a me ya tsufar da shi. Mafi yawan waɗanda suke cewa ba su san amfanin rayuwarsu ba, idan suka gama cika wannan takarda sukan ga cewa akwai mutum goma ko fiye da rayuwarsu ke rataye da tasu, kuma kowane suna a takardar ƙofa ce ta bauta da aka riga aka buɗe musu.

Da safe, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba, domin Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah yakan zauna a wurin sallarsa har rana ta fito. Bayan an gama azkar, kafin a taɓa waya, sai mutum ya yi wa kansa sharaɗi a kan yinin da ke gabansa. Na ce kafin a taɓa waya ne domin wanda ya fara buɗe WhatsApp ko Facebook ya riga ya ba wasu damar tsara masa tunanin safiyarsa, kuma da wuya ya ƙwato ta. Sharaɗin kada ya yi yawa. A dubi takardar haƙƙoƙi a zaɓi abu ɗaya ko biyu da za a sauke yau, kamar kai wa mahaifiya maganinta da hannu maimakon aike, ko biyan wani yanki na bashi, sannan a zaɓi hali guda da za a yi yaƙi da shi, kamar giba a majalisa ko tsawa ga yara. Wanda ya ɗaura wa kansa sharuɗɗa goma a rana guda yakan saki dukansu kafin Azahar.

A wannan zama ne kuma ake gyara niyya, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin nan ne aikin yau da kullum ke komawa ibada. Hadisin da Buhari ya buɗe littafinsa da shi, wanda Imamu Nawawi ya sa a farkon Arba'una Hadisi, cewa ya yi ayyuka suna tafiya ne da niyya, kuma kowa yana samun abin da ya yi niyya. Manzon Allah ya shaida wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa babu abin da zai ciyar yana neman yardar Allah face an ba shi lada, har lomar da zai sa a bakin matarsa. Ma'anar wannan ga direban adaidaita sahu ita ce idan ya tayar da injin yana nufin ciyar da 'ya'yansa da halal, da kare kansa daga roƙo, da kai mutane inda za su lafiya, to yininsa a kan titi yana cikin littafin ayyukansa na alheri. Haka matar da ta tashi tun kafin assalatu ta hura wuta, ta dama kokon yara, ta ɗora ruwan wankan surukarta da ciwon ƙafa ya kwantar, ta wanke mata kayan da ta ɓata ba tare da ta bari kowa a gidan ya gani ba. Irin wannan mata sau da yawa takan ɗauka cewa masu zuwa wa'azi da masu yawan nafila sun wuce ta, alhali da za ta tsaya daƙiƙa guda a bakin murhu ta ce a ranta domin Allah take yi, da ta san cewa tana tsakiyar abin da aka halicce ta dominsa. Sai dai a kiyaye: kyakkyawar niyya tana ɗaga halal ne zuwa matsayin ibada, ba ta wanke haram. Wanda ya tauye mudu ko ya karɓi cin hanci da niyyar ciyar da iyali bai tsira ba.

Da rana ba a buƙatar wani sabon tsari, domin salloli sun riga sun yanka yinin gida biyar. A kowace sallah, bayan sallama, a tambayi kai ina aka kwana game da sharaɗin safe, in an karya shi a yi istigfari a sake ɗaurawa, ba sai an jira dare ba.

Da dare, bayan Isha'i ko dab da kwanciya, shi ne lokacin hisabin kansa. A fara da farillai: shin an yi salloli biyar a kan lokaci, da alwala mai kyau da natsuwa? Daga nan a wuce kan haƙƙin mutane, sannan harshe, kuma a zamanin nan abin da yatsa ya rubuta ko ya tura a waya yana cikin lissafin harshe. A ɗauki misalin tela a goman ƙarshe na azumi, wanda ya rufe shago ƙarfe biyun dare. Idan ya yi wa kansa adalci zai tuna cewa da hantsi wata mata ta kawo atamfa uku, ya karɓa ya ce mata "jibi in Allah ya yarda" alhali ya san ɗinkin da ke gabansa ba zai ƙare kafin sallah ba. Zai tuna ragowar shadda kusan yadi guda da ta rage daga kayan wani alhaji, ya ninke ya tura ƙarƙashin tebur bai faɗa ba. Zai tuna yaransa biyu da ya riƙe suna kai aiki wurin mai surfani da guga har dare, buɗa-bakinsu bai wuce ruwa da ƙosai ba, kuma La'asar ta kusa fita kafin ya tashi daga kan keke. Zai kuma tuna, domin hisabi ba na laifi kaɗai ba ne, cewa ya ɗinka wa marayun maƙwabcinsa kaya bai karɓi ko sisi ba. Hisabin wannan tela bai cika ba idan ya tsaya a jin zafi a zuciya. Cikarsa ita ce gobe ya kira matar ya faɗa mata gaskiya tun tana da lokacin kai wa wani, ya mayar da ragowar shaddar ko ya nemi mai ita ya bar masa, ya kuma ware kuɗin abincin yaran kafin ya ware nasa.

Dalilin da ya sa nake fifita haƙƙin mutane a wannan zama shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, inda Manzon Allah ya bayyana cewa matsiyacin al'ummarsa shi ne wanda zai zo ranar Alƙiyama da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wani, ya doki wani, sai a riƙa ɗibar ladansa ana biyansu, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a ɗora masa. Tuba daga abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa tana cika da barin laifin, da nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Abin da ya shafi ɗan Adam kuwa sai an haɗa da mayar masa da haƙƙinsa ko neman yafewarsa, in ya rasu a kai wa magadansa.

Akan yi tambaya ko ya kamata a riƙa rubuta sakamakon hisabin a littafi. Ra'ayina shi ne a raba. Basussuka, da amanar da aka ba mutum ajiya, da alkawuran da ya ɗauka, da ramuwar azumi da ke kansa, waɗannan a rubuta su, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Zunuban da Allah ya suturta kuwa kada a rubuta su, domin littafi yana iya faɗawa hannun 'ya'ya ko abokin zama, kuma bai dace bawa ya tona abin da Ubangijinsa ya rufa masa ba. A rufe zaman da ƙirga ni'imomi uku ko huɗu na wannan yini, a ambace su da sunansu a gode, sannan a yi tasbihin da Manzon Allah ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali lokacin kwanciya: Subhanallahi 33, Alhamdu lillahi 33, Allahu Akbar 34.

Muhasaba ita kaɗai tana iya mayar da mutum mai yawan kallon kansa, shi ya sa ake haɗa ta da tafakkuri, wanda ke ɗaga kai zuwa ga abin da ya fi mutum girma. Abdullahi ɗan Abbas ya ba da labarin daren da ya kwana a ɗakin Nana Maimuna, 'yar'uwar mahaifiyarsa, ya ga Manzon Allah ya farka cikin dare ya dubi sama ya karanta ayoyin ƙarshen Suratu Ali Imrana, waɗanda ke yabon masu hankali da ke ambaton Allah a tsaye da zaune da kishingiɗe, suna tunani a kan halittar sammai da ƙasa suna cewa Ubangijinmu, ba ka halicci wannan a banza ba. Hanyar yin sa mai sauƙi ce. A ɗauki ayoyi kaɗan, biyar ko ƙasa da haka, a karanta su tare da ma'anarsu, kuma alhamdu lillahi masu jin Hausa suna da fassarar Alƙur'ani ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da ta Sheikh Nasiru Kabara, ga kuma tafsiran malamai da ake samu a rediyo da waya. Bayan karatun sai a rufe littafin a tambayi kai: wannan aya me ta sanar da ni game da Allah, kuma me take nema in canja? Wani lokaci kuma a bar littafi a fita waje a dubi gona bayan ruwan farko, ko jaririn da aka haifa jiya, ko a raka gawa maƙabarta a tsaya har a gama binnewa ba tare da hirar siyasa ba, tun da an umarce mu da ziyartar kaburbura domin suna tuna lahira. Iyakar tafakkuri ita ce halittun Allah da ayoyinsa. Idan tunani ya fara kutsawa cikin yadda zatin Allah yake, ko ya koma waswasi, a nemi tsari a tashi a kama wani aiki.

Wanda ya riƙe wannan tsari wata biyu ko uku zai fara ganin wasu abubuwa suna maimaituwa. Zai ga laifin da yake komawa gare shi kullum da abin da ke jawo shi, zai kuma ga irin alherin da ke zo masa da sauƙi yana yi wa wasu wuya, da irin buƙatar da mutane ke kawo masa ba tare da ya yi talla ba. Wani sulhu ake kawo masa, wata ita ake kira idan haihuwa ta zo da gardama ta raka mai naƙuda asibiti, wani yara ke fahimtar lissafi a hannunsa. Inda baiwar mutum ta haɗu da buƙatar jama'arsa, a nan ya kamata ya fi zuba ƙarfinsa bayan farillai, domin a nan ne yake ɗauke wa al'umma wani farali na kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura. Tarihinmu yana da misali mai ƙarfi a kan wannan. A wajajen shekarar 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano sai mutanenta suka riƙe shi suka nemi ya koya musu yadda za su tafiyar da al'amuransu bisa shari'a, ya zauna ya karantar da su tafsiri ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, daga nan ya koma gida ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya so ya guje wa. Binciken zuciyarsa ne ya fitar da shi, buƙatar mutane kuma ta nuna masa inda aikinsa yake. Haka 'yar ɗan'uwansa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta dubi matan karkara da ba su da hanyar zuwa makaranta, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda mata jagorori da ake kira jaji ke zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙi su koma su koyar a garuruwansu.

Idan abin da ya bayyana yana buƙatar babban mataki, kamar canja sana'a, ko komawa karatu, ko ƙaura, kada a yanke hukunci a daren da zuciya ta motsa. A yi shawara da mutum biyu ko uku da suka san mutum kuma ba sa tsoron faɗa masa gaskiya, a cikinsu har da wanda matakin zai shafa kai tsaye, wato mata ko miji ko iyaye. Sannan a yi istihara kamar yadda Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, raka'a biyu ba na farilla ba da addu'ar da aka koyar. Mutum da kansa ya kamata ya yi ta, kuma ba sharaɗi ba ne ya yi mafarki. Bayan ta sai ya kama abin da ya fi rinjaye a ransa, in akwai alheri Allah ya sauƙaƙa, in babu ya kawar.

Akwai ramuka a wannan hanya da ya kamata a sani tun da wuri. Mafi haɗarinsu shi ne yanke ƙauna, inda mutum zai ga laifinsa ya ƙi ƙarewa ya ce shi ba mai gyaruwa ba ne, alhali aya ta 53 ta Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamar Allah. Akwai kuma kishiyarsa, wato jiji da kai, inda mai hisabi zai fara yi wa maƙwabtansa hisabin da ba a sa shi ba. Sanyin jiki bayan zafin farko kuwa ba alamar munafunci ba ne. Sahabi Hanzala ya taɓa kai kukan cewa idan yana gaban Manzon Allah kamar yana ganin wuta da aljanna, in ya koma cikin iyali da gona sai ya manta da yawa, Manzon Allah ya amsa masa da cewa sa'a da sa'a, wato akwai lokacin wannan, akwai lokacin wancan. Wanda ya yi mako guda bai zauna ba, ya zauna yau kawai, ba sai ya biya bashin zaman da ya wuce ba. Amma akwai abin da nake so a ɗauka da muhimmanci ƙwarai. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, barci da cin abinci suka lalace, abin da ke faranta rai ya daina, ko mutum ya fara jin gara ya mutu, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani kamar hawan jini. Kada a ce masa raunin imani ne, kada kuma a ƙara masa nauyin hisabi. A ci gaba da addu'a, a kuma kai shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen.

Sau ɗaya a shekara ana son zama mai tsawo, kuma babu lokacin da ya fi goman ƙarshe na Ramadan, wanda Manzon Allah yake yin i'itikafi a cikinsa har ya bar duniya. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin i'itikafi yini ne da dare, sai da azumi, sai a masallaci, kuma idan Juma'a za ta faɗo a cikin kwanakin sai a masallacin da ake Juma'a. Ana shiga kafin faɗuwar rana, ba a fita sai don buƙatar da ba makawa. Wanda zai shiga ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya kuma kashe waya ko ya bar ta a gida, domin i'itikafin da ya koma hira da ɗaukar hoto ya rasa abin da aka shiga nema. Wanda aiki ko reno ko jinya ba za su bar shi ba, ya keɓe awa guda a sulusin dare na ƙarshe cikin waɗannan kwanaki. A wannan zama ake fito da takardar haƙƙoƙi a sabunta ta, a cire sunan wanda ya rasu a mayar da shi cikin waɗanda ake yi wa addu'a da sadaka, a ƙara jaririn da aka haifa ko surukin da aka samu, a duba basussukan da aka biya da waɗanda suka rage, a lissafa zakka in dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. A nan ne kuma ya dace a rubuta wasiyya ko a gyara ta, domin Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa bai kamata Musulmin da yake da abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. A bayyana bashin da ake bin mutum da wanda yake bi, da amanar da ke hannunsa, kada kyautar da za a yi wasiyya da ita ta wuce sulusin dukiya, kada kuma a yi ta ga magaji. A sa adilai biyu su shaida, sannan a sanar da wani amintacce a cikin gida inda aka ajiye takardar.